Alƙali Ba Ya Hukunci da Saninsa: Kotu, Shaida da Rikicin Gona a Yankin Watari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda manomin yankin Watari, a Ƙaramar Hukumar Bagwai ta Jihar Kano, yake haɗuwa da kotu, da abin da ya kamata ilimin zama ɗan ƙasa ya koya masa a kanta. Ra'ayinta shi ne yawancin shari'un gona da na gado ana cin su ko a faɗi tun kafin a shiga ɗakin shari'a, domin alƙali yana aiki ne da abin da jama'a suka kawo masa: shaida, takarda, da ƙarar da aka kai kan lokaci kuma a ƙofar da ta dace.

Gabatarwa

Madatsar ruwa ta Watari, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970, ta sauya darajar ƙasa a Bagwai. Filin da a da ake nomawa sau ɗaya a shekara ya zama ana girbe shinkafa da kaka, a bi ta da tumatir, albasa, masara ko alkama da rani, a loda zuwa Badume ko 'Yankaba. Wannan kuwa ya faru ne a yankin da tun asali ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, da Polly Hill a littafinta na 1977 kan karkarar Kano, duk sun nuna abu guda: a nan ba a barin gona ta huta, babu dajin da za a sara a yi sabuwa, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsinka gonar da ta rage. Daga Kiyawa zuwa Romo, daga Gadanya zuwa Rimin Dako, kunya biyu da aka ci a kan iyaka ta isa ta raba zumuncin shekara hamsin.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna Gadan, a Ƙaramar Hukumar Gezawa, inda a watan Mayun 2024 wani matashi ya cinna wa masallaci wuta ana sallar asuba, mutane da dama suka rasu, ya kuma shaida wa 'yan sanda cewa rikicin rabon gado ne ya kai shi. Ba na cewa sanin kotu zai hana kowane irin wannan ta'asa. Ina cewa duk inda mutane suka yanke ƙauna daga kotu, ko ba su san hanyarta ba, rikicin ba ya mutuwa, wata hanya yake nema.

Darasin zama ɗan ƙasa da ake koyarwa a makarantunmu yana farawa ne daga sama: rassan gwamnati uku, Kotun Ƙoli, Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Yaro zai haddace wannan ya ci jarrabawa, amma bai san kotun da mahaifinsa zai kai ƙarar gonar da aka jinginar ba.

Inda tsoron kotu ya samo asali

Kano ba baƙuwar shari'a ba ce. A nan Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam wajen 1806, bisa roƙon mutanen gari, domin ya shiryar da masu mulki da alƙalai. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba, sun sa su ƙarƙashin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya. Kundin majalisar shari'a ta Sarki Abbas na 1913 da 1914, wanda Allan Christelow ya fassara ya wallafa a 1994, ya nuna talakawan ƙauye, har da mata, suna tattaki zuwa birni da ƙarar gona. Ke nan kai ƙara ba baƙon abu ba ne a wurin Bakano.

Abin da ya ɓata sunan kotu a idon talaka shi ne haɗuwar mulki da shari'a a hannu ɗaya. Alƙali ma'aikacin En'e ne, ɗan doka na En'e ne, gidan yari ma na En'e ne. A shekarun 1950 magoya bayan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana abin da hakan ke nufi. An fara gyara da kwamitin masana shari'a na 1958 ƙarƙashin Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, wanda aikinsa ya haifar da kundin hukunta laifuka da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960. Sai dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta soke kotunan sarakuna, ta ɗauke alƙalai daga hannun En'e ta miƙa su ga ɓangaren shari'a na jiha. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, kotunan yanki na Kano suka koma kotunan shari'ar Musulunci.

Doka ta sauya sau uku, tunanin jama'a bai bi ta ba. Har yau akwai dattijon da yake ɗaukar sammaci tamkar an riga an kama shi da laifi, kuma “ya kai ni kotu” magana ce da ake gadar wa 'ya'ya.

Wace ƙofa?

Mutumin Watari yana da ƙofofi da yawa, ba kuma duka ne kotu ba. Mai unguwa, dagaci da hakimi suna sulhu, kuma galibi sun fi kowa sanin tarihin gonar, amma sashe na 6 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ba su ikon yanke hukunci ba. Haka Hukumar Hisba, wadda dokar 2003 ta kafa. Sulhunsu yana ɗaure wanda ya yarda da shi ne kawai. Idan ana so ya yi ƙarfin hukunci, sai a rubuta shi, ɓangarorin biyu su sa hannu, a kai kotu ta amince da shi. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa, shi ya sa rikicin da aka kashe a zauren dagaci yake tashi bayan rasuwar dagacin.

Kotun shari'ar Musulunci ita ce ta aure, saki, riƙon 'ya'ya, gado, bashi da yawancin rikicin gona tsakanin Musulmi. Sama da ita akwai Babbar Kotun Shari'a. Kotun majistare tana sauraron yawancin laifukan da 'yan sanda suke gabatarwa. Babbar Kotun Jiha ita kaɗai ke da hurumi kan filin da gwamna ya ba da takardar mallakarsa, bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, yayin da sashe na 41 ya bar filayen karkara ga ƙananan kotuna. A shari'ar Adisa da Oyinwola, a shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotu ma tana iya sauraron na karkarar.

Tarkon yana wajen ɗaukaka ƙara. A hankalce mutum zai zaci duk hukuncin da ya fito daga kotun shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a za a kai shi, gaban Alƙalin Alƙalai da kadi-kadinsa. Sashe na 277 na tsarin mulki kuwa ya taƙaita hurumin wannan kotu ga aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Idan rikicin na sayen gona ne ko na iyaka, Babbar Kotun Jiha ce mai sauraro. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Mutum zai iya shekara da shekaru yana shari'a, ya sayar da shanun huɗarsa, a ƙarshe a rushe komai, ba don ba shi da gaskiya ba, sai don kotun da ta ba shi gaskiyar ba ta da hurumi. A irin wannan ne ake jin mutane suna cewa shari'a saɓanin hankali. A ganina wannan rarrabuwa nakasu ce a tsarin mulkinmu, domin tana kai shari'ar da aka yi da fiƙihun Malikiyya gaban alƙalan da ba lallai ne sun karanci fiƙihu ba. Amma kafin a gyara ta, wajibi ne a faɗa wa manomi cewa tana nan.

Shaida: aikin da ba wanda zai yi wa jama'a

A Amurka da Ingila ɗan ƙasa yana shiga shari'a ta hanyar zama cikin ayarin mutanen gari da suke yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi. Mu ba mu da wannan tsari. Ƙofar da ɗan ƙasa yake shiga shari'a a wurinmu ita ce shaida, kuma a fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalanmu suke karantawa a littattafan Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam, ƙofa ce babba. Mashhurin mazhaba shi ne alƙali ba ya hukunci da saninsa. Ko da a gabansa aka sayar da gonar tun yana yaro, idan ya hau kujera sai an kawo masa hujja. Hikimar a bayyane take: idan aka bar alƙali ya ce “na sani”, an buɗe ƙofar da ba mai iya rufewa.

Tsarin kuwa sananne ne. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa a fayyace: wace gona, ina iyakokinta huɗu, ta yaya ta zama tasa. Idan wanda ake ƙara ya musa, mai ƙara ne zai kawo shaidu. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. In ya kasa, sai a ba wanda ake ƙara rantsuwa. Ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta ɗa ga ubansa, ko ta miji ga matarsa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta wanda zai ci amfanin hukuncin. Abokin shari'a yana da damar sukar shaidu. Kafin yanke hukunci kuma sai alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai faɗa kansa ko yana da sauran hujja. Kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda rashin i'izari kaɗai, amma da wuya ka sami manomin da ya san wannan tambaya haƙƙinsa ce.

Yanzu a ɗora wannan tsari a kan yadda ake mu'amalar gona a Watari. Ana bayar da aro, ana haya, ana jingina, ana noma-mu-raba, kusan duka da baki. Shaidun da ake kira galibi 'yan gida ne, wato waɗanda kotu za ta ƙi. Iyaka kuwa layin gamba ce ko bini-da-zugu ko wata ɗorawa, abubuwan da garma da gatari suke iya gusarwa. Maƙwabcin gona, wanda shi ne shaidar da ta fi kowace nauyi, yakan ce ba ya shiga maganar mutane. Yana da dalilinsa: gobe zai haɗu da mutumin a masallaci, wataƙila ma surukinsa ne, ga kuɗin mota, ga yinin aiki da zai rasa, ga ɗage zama. Amma shirunsa hukunci ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ta 283 ta hana ɓoye shaida. Ana karanta su a tafsiri kowane azumi, sai dai ba kasafai ake haɗa su da gonar da ke bayan gari ba.

Sai batun hauzi, wanda a ganina shi ne darasi mafi muhimmanci ga mai gona. Idan wani ya riƙe fili shekara goma yana noma shi kamar nasa, mai filin yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, to ba za a saurari da'awarsa ba bayan haka. Tsakanin 'yan uwa wa'adin yakan kai shekara arba'in. Hauzi ba ya aiki a kan aro ko haya ko jingina, amma sai an tabbatar cewa aro ne, kuma wa zai tabbatar idan shaidun sun rasu? A nan kara take cin mutum. Ya ba ƙanin abokinsa aron gona, yana jin nauyin ya ce a rubuta, ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, ya dawo ya tarar da 'ya'yan mai aro suna cewa gadonsu ce.

Mata sun fi kowa shiga wannan rami. Shari'a ta ba 'ya mace rabonta na gona, amma al'ada takan bar shi a hannun 'yan uwanta maza, ana aika mata da ɗan hatsi da kaka. Ita ma tana gudun a ce ta kai yayanta ƙara, domin gidansa ne mafakarta in aure ya mutu. Ba a cika faɗa mata cewa tana iya naɗa wakili ya tsaya mata ba, ko kuma cewa neman a fitar mata da rabonta a rubuce ba ƙarar kowa ba ne.

Akwai kuma haƙƙin shufa'a, wanda ake yawan fahimta a karkace. Mutane suna zaton maƙwabci ya fi kowa cancantar sayen gonar da ke jikin tasa, har yana iya rushe cinikin da aka yi da wani. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, kamar magada kafin rabo. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Alkamawa da Bello a 1998, wadda ta taso daga Sakkwato.

Ofishin 'yan sanda ba kotu ba ne

Mai gaggawa yakan kai rikicin gona ko bashi wurin 'yan sanda don a tsorata abokin rigimarsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin da ba na laifi ba, ta kuma hana kama wani a madadin wani, kamar a tsare uba don ɗansa ya gudu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ce ba shi da laifi sai an tabbatar, ya ba shi damar ɗaukar lauya, da tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu, ya kuma ce a yi shari'a a bainar jama'a. Jihar Kano ta yi tata dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2019. Ga wanda ba shi da halin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, sai dai lauyoyinta sun yi kaɗan, kuma a birni suke.

Wa yake duba alƙali?

Ba zan ɓoye ba, akwai alƙalai da ma'aikatan kotu masu cin hanci, akwai kuma 'yan kan-ta-waye a bakin kotu da suke karɓar kuɗi da sunan alƙalin da bai ma san an yi ba. Jama'a suna da hanya biyu, kuma suna yawan cakuɗa su. Idan alƙali ya yi kuskure a hukunci, maganinsa ɗaukaka ƙara, kuma tana da wa'adi: galibi kwana 30 daga ƙananan kotuna, wata uku daga hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda a da sai an je Kaduna, yanzu kuwa tana da reshe a Kano. Idan kuwa halin alƙali ne abin kuka, kamar karɓar kuɗi ko ganawa da ɓangare ɗaya a ɓoye, sai a rubuta koke ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha, wadda Babbar Jojin Kano take shugabanta. Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ce ta hau wannan kujera a 2023, mace ta farko da aka tabbatar a kanta. Alƙalan manyan kotuna kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce take ladabtar da su. Koke ba ya rushe hukunci. Wanda ya tsaya rubuta koke har kwana 30 suka wuce, yana iya ganin an hukunta alƙalin, gonarsa kuma ta tafi.

Ɗaya gefen maganar ba shi da daɗin faɗa a taro. Hancin da ake zargin alƙali da ci, wani ne ya kai masa. Wanda ya je wurin ɗan siyasa ko wani mai faɗa-a-ji don ya yi wa alƙali waya, shi ma ya sa hannu a lalata kotun da gobe zai buƙata. Abin da ɗan ƙasa zai iya yi ba tare da sanin kowa ba shi ne ya nemi rasit kan duk kuɗin da ya biya, ya nemi kwafin shari'a, ya kuma shiga ɗakin kotu ya zauna ya saurara ko da ba shi da ƙara, tunda doka ta buɗe masa ƙofar.

A ina za a koyar?

Ba a aji kaɗai ba, domin masu gonar sun wuce shekarun aji. Rediyo ita ce makarantar manomi, kuma tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 gidajen rediyon Kano suka saba wa mutane da jin labarin kotu. Sai dai yawancin abin da ake watsawa labarin wanda aka gurfanar ne, ba bayanin hauzi ko i'izari ba. Limaman Juma'a da malaman Islamiyya sun riga sun san babin shaida, abin da ya rage su kawo misalin daga gonakin garinsu. Ƙungiyoyin manoman rani, waɗanda suke taruwa kan rabon ruwa da gyaran magudana, su ne wurin da ya fi dacewa a raba takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da boko da ajami, mai gurbin iyakoki huɗu, da irin mu'amalar, da wa'adinta, da shaidu biyu waɗanda ba 'yan gida ba. Ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero da na Kwalejin Aminu Kano za su iya tsara ta su kuma bi ƙauyuka da ita lokacin hutu.

Tambayar da ta fi wuya ita ce wa zai ajiye takardun. Dagaci ne ya fi kusa, amma a wasu rikice-rikicen shi kansa ɓangare ne, musamman inda filin rani ya yi tsada. Ƙaramar hukuma ce dokar 1978 ta ba ikon filayen karkara, sai dai takarda takan yi ƙafa idan shugabanci ya sauya. Shawarata ita ce a yi kwafi uku: ɗaya ga kowane ɓangare, na uku kuma a kai wa magatakardan kotun shari'a mafi kusa ya buga hatimi, a kan kuɗi ƙayyadadde da za a rubuta a manna a ƙofar kotun.